Intalok na leda da yashi: ya cancanci a zuba jari a ciki?

Mai_Bulo_Dakata:

Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin wurin buga bulo da intalok na siminti, ga fili ga rumfa, kuma wani ɗan'uwa yana son mu haɗa jari mu koma yin intalok na ledar fiyawata da yashi, irin wanda ake gani a bidiyo daga Kenya da Ghana. Ya ce babu siminti a ciki, leda kuma kyauta ce a bola, don haka riba zalla ce. Ni dai ina son masana su warware mini abu huɗu kafin mu taɓa kuɗi: wace roba ake amfani da ita, yaya ake auna ta da yashi, wane inji ake buƙata, sannan shin zai yi gogayya da na siminti a farashi? Allah ya saka da alheri.

Injiniya_Sharada:

Wa alaikumus salam, Malam. Bari in ɗauki biyun farko da ɓangaren inji, lissafin kuɗi kuma akwai waɗanda suka fi ni.

Da farko dai, roba ba iri ɗaya ba ce, kuma a nan ne mafi yawan masu farawa ke yin asara. A gindin mazubi za ka ga alamar kusurwa uku da lamba a ciki, daga 1 zuwa 7. Wadda ta dace da wannan aiki ita ce mai lamba 4, wato LDPE: ledar fiyawata, ledar da ake naɗe katan-katan na lemo da ita, farar leda mai laushi da ke miƙewa idan ka ja ta. Tana narkewa tun daga digiri 105 zuwa 115, ta zama kamar ƙullu mai danƙo, ta kama yashi da kyau. Mai lamba 2, HDPE, ita ce ta jarka da marfin gora da baƙar leda mai ƙara idan an murza ta. Tana narkewa wajen digiri 130, tana haɗuwa da ta farko lafiya, har tana ƙara tauri. Mai lamba 5, PP, irin ta bokiti da kujerar roba da buhun shinkafa, sai wajen digiri 165. Kaɗan daga cikinta ba ya ɓata aiki, amma idan ta yi yawa ba ta cakuɗuwa sosai da sauran, sai bulon ya riƙa tsagewa ta inda suka haɗu.

Guda uku ne ba za su shiga tukunyarka ba. Gorar ruwa da ta lemo, mai lamba 1, sai zafi ya kai wajen digiri 250 take narkewa, lokacin ledarka ta riga ta fara ƙonewa. In kuma ba ta narke ba sai ta zauna gutsi-gutsi a cikin bulon, nan ne zai karye. Ka tara ta daban ka sayar wa masu niƙa gora, tana da kasuwarta. Mai lamba 3, PVC, wato fayif na ruwa da silin na roba da tiyo da bawon wayar lantarki, tana fitar da iska mai guba da ke cin huhu da ƙarfe gaba ɗaya. Sai mai lamba 6, farin mazubin abinci mai kama da soso.

Leda ba ta zuwa da lamba, saboda haka ga gwaji biyu masu sauƙi. Yanka ƙanana ka zuba a bahon ruwa, ka motsa har kumfar iska ta rabu da su: masu lamba 2 da 4 da 5 za su taso sama domin sun fi ruwa sauƙi, gora da PVC kuma su nutse. Idan kana shakkar wani yanki, ɗumama jar waya ta tagulla a wuta, ka dangwala a jikinsa, ka mayar cikin harshen wutar. In ya koma kore, akwai sinadarin kulorin, PVC ce, a fitar da ita.

Sai wanki da shanya. A tsaga kowace leda a zubar da ragowar ruwan, a wanke ƙasa da maiƙo, a shanya a kan raga ko siminti har ta bushe ƙayau. Yashi ma haka, kuma shi ne aka fi rainawa. Yashin kogi mai tsabta ake so, a tankaɗe shi da rariya mai ido kamar milimita 2, ƙananan ƙwayoyi sun fi ba da bulo mai ƙarfi. Zuba shi a kwalba da ruwa ka girgiza, ka bari ya kwanta. Idan laka ta yi kauri a samansa, a wanke shi ko a canza. Danshi kuwa ko kaɗan ne, da zarar ya shiga narkakkiyar leda sai ya zama tururi, ya bar ramuka a cikin bulon kamar burodi. Daga waje za ka gan shi sumul, mota na hawa ya fashe. Shi ya sa ake soya yashin a wani kasko daban har ya yi zafi sosai kafin a zuba. Yana korar danshi, kuma ba ya sanyaya ledar ta daskare tun ba a gama juyawa ba.

Awo da sikeli ake yi, ba da kwano ko shebur ba: kilo 1 na leda, kilo 3 na yashi. A wannan awon ne gwaje-gwajen ɗakin bincike suka fi samun ƙarfi, har zuwa wajen megafaskal 27 (ma'aunin matsin da bulo ke jurewa kafin ya fashe) idan komai ya tafi daidai. In ka ƙara yashi ya wuce kilo 4, ledar ba za ta lulluɓe kowace ƙwaya ba, gefen bulon ya riƙa marmashewa a hannu. In ka rage ya koma 2 ko ƙasa, sai ya yi santsi, ya yi laushi a rana, ga tsada a banza.

Zafin aiki tsakanin digiri 180 da 220 ne. Ka sayi ma'aunin zafi mai kama da bindiga wanda ake haskawa daga nesa, ba shi da tsada. Ana fara narkar da ledar kaɗan-kaɗan, ana juyawa da doguwar muciya ta ƙarfe, sai ta zama ruwa ɗaya sannan a riƙa barbaɗa zazzafan yashin ana juyawa har launi ya daidaita, babu farin yashi a ko'ina. Hayaƙi mai kauri, rawaya ko baƙi, alama ce wuta ta yi yawa, robar ta fara lalacewa, kuma bulon da zai fito zai yi gautsi. Kada a taɓa kunna wa ledar kanta wuta don ta yi saurin narkewa, kamar yadda wasu ke yi a bidiyo. Wannan ƙona jari ne da lafiya.

Mazubin na ƙarfe ne, faranti mai kaurin milimita 5 ko 6, a ɗan buɗe bakinsa fiye da gindinsa don bulon ya fita. A shafa mai kaɗan, a ɗumama shi kafin zubin farko, a auna nauyin kowane zubi don kauri ya zo ɗaya, a danne da injin matsi. Jak na mota mai tan 10 zuwa 20 a cikin firam da mai walda ya haɗa yana isa a fara. Matsin ne ke fitar da iska. Wanda aka daddanna da cokalin birkila kawai ba ya kai ingancin wanda aka matse. A bar shi a ƙarƙashin matsi na 'yan mintuna, a fitar, a jera a wuri mai shafe. Idan aka jefa shi a ruwan sanyi yana da zafi sosai, waje zai daskare ciki bai huce ba, sai ya lanƙwashe.

Hanyar narkarwa a ganga da wutar itace ko gas ta koyo ce da gwaji. Mai son kasuwanci na gaske yana buƙatar injin yanka leda, injin dunƙule ta, injin narkarwa mai dunƙulen ƙarfe da ke juyawa a cikin bututu mai zafi yana tura cakuɗin waje, da injin matsi na haidurolik. Ka sani yashi yana cin wannan dunƙulen ƙarfe kamar fayil. Duk wanda zai ƙera maka, ko a Panteka ta Kaduna ko a nan Kano, ka tambaye shi da wane ƙarfe zai yi shi, ko zai bi bakinsa da walda mai tauri, kuma nawa ne na canji.

Akanta_Zariya:

Injiniya ya gama da fasaha. Malam Mai Bulo, ni maganar "kyauta" zan taɓa, domin a kanta ɗan'uwanka ya gina lissafinsa.

Ɗauki intalok mai tsawon santimita 20, faɗi 10, kauri 6. Guda 50 ke rufe murabba'in mita ɗaya. Na leda da yashi yana yin kamar kilo 2 da ɗan ɗori kowane ɗaya, wato mita ɗaya kusan kilo 108. Kashi ɗaya cikin huɗu leda ce: kilo 27 na wankakkiyar busasshiyar leda, da kilo 81 na yashi. Wadda 'yan bola jari za su kawo maka kuwa tana ɗauke da ƙasa da ruwa da robar da ba ta aiki. Idan kwata ya zube a wanki da tsinta, sai ka sayi kilo 36 kafin ka sami 27.

Yanzu dubi naka na siminti. Mita ɗaya mai kaurin santimita 6, in an yi shi da inganci, yana cin wajen rabin buhun siminti. Ke nan tambayar gaba ɗaya ita ce: kilo 36 na leda, da wankinta, da shanyarta, da wutar narkar da ita, sun fi rabin buhun siminti araha? A misali kawai, idan kana sayen kilo a naira 200, ledar mita ɗaya ta ci naira 7,200 tun ba a kunna wuta ba. Sa farashin yau na unguwarku a gurbin wannan, ka kwatanta da kanka.

Kuma ledar fiyawata mai tsabta tana da masu nema. Kamfanonin roba na Sharada da Challawa da Bompai da Dakata suna sayen ta su mayar da ita ƙwayoyi, a sake yin leda da buta da bokiti. Da su za ka yi takara wajen saye, su kuma tan-tan suke ɗauka, kuɗi hannu. Gurbin mai intalok shi ne ledar da su ba sa so: mai launi, mai rubutu da yawa, gauraye, wadda rana ta ɗan ci. Ita ce mai araha, ita ce kuma ke toshe magudanan ruwa da damina. Wanda ya ƙulla yarjejeniya kai tsaye da gidajen fiyawata kan ledar da inji ya ɓata, ko da makarantu da tashoshin mota da wuraren biki a ajiye masa buhuna, ya fi mai saye a hannun dillali nesa ba kusa ba.

Sai wuta. Kai kilo 108 na cakuɗi daga zafin gari zuwa digiri 200 yana buƙatar kusan yunit 7 na lantarki a lissafin takarda, ba tare da asarar zafi ba. A aikace ka ninka biyu ko uku, ka ƙara na injin yanka da na matsi. Janareta na ba da wajen yunit 3 a litar dizal ɗaya, don haka mita ɗaya na iya shan lita 5 zuwa 7. Da wannan kaɗai kasuwancin ya mutu. Layin lantarki na Band A ma a watan Afrilun 2024 ya haura naira 200 kowane yunit. Abin da ya fi sauƙi shi ne a raba aikin: zafi daga gas na girki, kamar kilo ɗaya da rabi a mita idan murhun yana da rufi mai kyau, lantarki kuma a bar wa motoci masu juyawa kawai. Yashi shi ne kashi uku cikin huɗu na nauyin, to shanya shi a rana a kan baƙin faranti kafin a soya yana rage gas sosai. Rufe jikin tukunya da bulon yumɓu ko audugar gilashi ma haka.

Yawan abin da za a fitar a rana shi ne na uku. Ganga mai ɗaukar kilo 40 tana ba da guda 18 a zubi ɗaya. Zubi takwas a yini, guda 144, bai kai mita 3 ba, da ma'aikata uku ko huɗu. Teburin girgiza na siminti ya ninka wannan sau da yawa, kai ka fi ni sani. Kamfanin Gjenge Makers na Nzambi Matee a Nairobi, wanda bidiyonsa ya fi yawo, wajen guda 1,500 yake fitarwa a rana lokacin da labarinsa ya bazu a 2021, da injuna na gaske, kuma wani ɓangare na robarsa kyauta yake samu daga masana'antu. Wannan kyautar ita ce ba a nunawa a bidiyo.

Batun jari mai kare muhalli da ake ta faɗa: gwamnatin tarayya ta fitar da takardun lamuni na muhalli a Disambar 2017 na naira biliyan 10.69, da wasu na biliyan 15 a 2019, amma ayyukan gwamnati suka tafi, irin su wutar sola da dashen itatuwa. Ƙaramin mai sana'a ba ta nan zai samu ba. Ƙofofin da ke kusa da kai su ne Bankin Masana'antu, da hukumar ƙanana da matsakaitan sana'o'i ta SMEDAN, da kamfanonin lemo da ruwa waɗanda tsarin hukumar kare muhalli ta NESREA ya ɗora wa alhakin kwashe robar da suka saka a kasuwa. Ƙungiyarsu ta FBRA tana aiki tun 2018. Dukkansu abu ɗaya za su fara tambaya: rajistar hukumar kamfanoni ta CAC da littafin awo. Tun ranar farko a rubuta kilo nawa ya shigo, daga wa, ranar yaushe, nawa aka biya, nawa ya zama bulo. Wanda ba shi da wannan littafi ba shi da abin nunawa, ko da ya kwashe bolar unguwa guda.

Ra'ayina: kada ku rufe na siminti. Ku ware abin da ba zai girgiza ku ba, ku yi wata uku kuna gwaji da ganga da jak, ku fitar da ainihin kuɗin mita ɗaya, sannan a yi maganar inji.

Mai_Bulo_Dakata:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Lissafin rabin buhun nan ya buɗe mini ido. To idan intalok ribarsa ƙanƙanuwa ce, me zai hana mu yi bulon gini mai inci 6 ko 9 da shi? Na ga an ce a Kwaddibuwa har ajujuwa aka gina da bulon roba.

Hajiya_Lafiyar_Muhalli:

Malam, don Allah a bar maganar bulon ɗaki da wannan cakuɗin. Dalili biyu ne, kuma kowanne ya isa.

Na farko gobara. Ledar nan daga man fetur aka yi ta, kuma tana ci kamar kyandir, tana ɗiga tana ci. Yashin da ke ciki yana rage saurin kamawa, amma bai hana ba. A ƙasa, a fili, haɗarin kaɗan ne. A bangon ɗakin da ake kwana, kusa da risho ko gawayi ko wayar lantarki, magana ta canza. Na biyu, roba tana saki a hankali idan nauyi ya daɗe a kanta, zafi kuma yana ƙara mata saurin sakin. Bangon da ke ɗauke da rufi a garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu zai riƙa zama kaɗan-kaɗan, filasta ta tsage, ƙofa ta daina rufuwa. Filastar ma ba ta kama jikin roba sai an sa raga.

Abin da aka yi a Kwaddibuwa daban ne. UNICEF ce ta haɗa gwiwa da kamfanin Conceptos Plásticos na ƙasar Kolombiya, aka sanar da kafa masana'anta a 2019. Bulonsu a inji ake fitar da shi, yana shiga cikin juna, ana ƙara masa sinadarin rage kamun wuta, kuma ginshiƙai ne ke ɗaukar nauyin rufin. Ba abin da za a kwaikwaya da ganga ba ne. Idan gora ce ke damun ku, akwai hanyar da ba ta buƙatar wuta sam: gidan da ƙungiyar DARE ta gina a Sabon Yelwa ta jihar Kaduna a 2011, inda aka cika gorori da yashi aka jera su da laka kamar bulo.

Sai lafiyar masu aikin, wadda ba a saka ta a lissafin sama ba, kuma dole ta shiga. Ko leda mai kyau ce, idan zafi ya wuce kima tana fitar da hayaƙi mai sa ido ruwa da tari da ciwon kai. Idan PVC ta kutsa, akwai iskar asid, kuma a wutar da ba ta ci sosai ana iya samun dayoksin, gubar da ke taruwa a jiki shekara da shekaru. Saboda haka rumfa ta zama a buɗe ta kowane gefe, tukunya da murfi da bututun hayaƙi da ya wuce rufin, mai juyawa ya tsaya iska na bugun bayansa. Takunkumin asibiti ko ƙyalle ba ya tare wannan. Mai gwangwani biyu a gefe ake nema, irin na masu fentin mota, a riƙa canza gwangwanin. Safar hannu ta fata doguwa, takalmi rufaffe, riga ta auduga, domin yadin roba yana narkewa ya manne a fata. Narkakkiyar leda in ta zuba a jiki ba a ɓamɓare ta. A sa wurin a ruwa mai sanyi minti 20, a tafi asibiti. In tukunya ta kama da wuta, murfi da yashi ne maganinta. Ruwa zai sa ta fantsama.

A ajiye bokitan yashi da abin kashe gobara a kusa, tarin leda kuma ya yi nisa da murhu. Kada a sa yara a wajen narkarwa, ko da almajirai ne masu neman na abinci. Masu tsinta da shanya ma a ba su safar hannu, don ledar bola tana zuwa da allura da fasasshiyar kwalba. Robar asibiti da jarkar maganin ƙwari ba sa shiga ko kaɗan. Ruwan wanki a bi da shi ta rami biyu ko uku ya kwanta kafin ya fita, kada ya koma kwata da guntayen leda. Kuma wurin da ke tsakiyar gidaje bai dace ba. A je ma'aikatar muhalli ta jiha tun kafin maƙwabta su kai ƙara.

Birkila_Tudun_Wada:

Ranka ya daɗe Akanta, lissafinka daidai ne, sai dai ka auna shi da na siminti kamar kaya iri ɗaya ne. Idan aka kai shi kasuwar farfajiyar gida da gidan mai, inda mai saye mita kawai yake tambaya, na siminti zai kayar da shi kullum. Kasuwarsa tana wurin da siminti ke ruɓewa.

Duba wurin alwala a masallaci, ko bakin rijiyar burtsatse, ko banɗakin makaranta, ko turken dabbobi. Bayan damina biyu ko uku saman intalok na siminti ya fara zubewa, gansakuka ta kama, fitsari da sabulu da kanwa sun cinye shi. Na leda kusan ba ya shan ruwa, gishiri ba ya cin sa. Haka unguwannin da ƙasarsu ke da jiƙo, inda fari-farin gishiri ke fitowa a gindin bango. A irin waɗannan wurare mai saye zai ƙara kuɗi idan ya ga samfur ya shekara bai canza ba. Ga dutsen gefen hanya, da turakun shaidar fili, da marfin ƙaramin ramin fayif. Sannan ba ya jiran ban-ruwa na sati uku ko huɗu, yau a buga gobe a shimfiɗa, wanda ya karye a mayar tukunya. Ya fi sauƙin ɗauka, ba ya ɓarewa a mota.

Inda ba a kai shi: hanyar tirela da tifa. Ƙa'idar Amurka ta intalok na siminti tana neman megafaskal 55, na leda kuwa ko rabin wannan sai an yi da kyau. Tafiyar ƙafa, babur, Keke Napep, ƙaramar mota a gida, nan ne iyakarsa. Ba a sa shi a madafa ko wurin mai shayi da mai tsire, garwashi ɗaya zai bar rami. Marfin babbar kwata da mota ke hawa ma a bar wa kankare mai rodi.

Wajen shimfiɗa akwai bambanci da wanda ka saba. Roba tana buɗewa da zafi fiye da siminti, don haka a bar tazarar milimita 3 zuwa 5 tsakanin kowane biyu, a cika da busasshen yashi mai laushi, a bar 'yar tazara a jikin bango. In aka matse su da sanyin safiya, da azahar za su tunkuɗo juna su yi tozo. Ƙasa a daddage ta da jar ƙasa ko dutse santimita 10 zuwa 15, yashin shimfiɗa santimita 3 zuwa 4, a ɗaure gefe da kankare. Injin daddagewa a sa masa tabarmar roba a ƙasa. Turmin siminti ba ya kama shi, kada a ɓata siminti wajen liƙawa.

Fuskar mazubin a yi mata zane ko ɗan kaushi, domin mai sumul yana da santsi idan ya jiƙe, a wurin alwala kuwa tsofaffi ne za su taka. Launi kuma kada ka yi wa kowa alkawarin fari ko shuɗi. Gaurayen leda toka-toka ko baƙi yake bayarwa. Jan garin kala irin na intalok yana kamawa idan ledar fara ce. Baƙin yana da amfaninsa, don baƙar leda a cikin cakuɗin tana kare shi daga cin rana, amma yana ɗaukar zafi har ba a iya taka shi ba takalmi da rana tsaka. Farfajiyar da yara ke wasa a yi mata mai haske ko a sa a inuwa.

Kafin ka sayar da ko ɗaya, daga kowane zubi ka ware guda uku. Ɗaya a yanka shi biyu da injin yankan tayil a duba ciki: in akwai ramuka, danshi ne ko ƙarancin matsi; in akwai dunƙulen leda ba yashi, juyi bai isa ba. Na biyu a auna shi, a jiƙa a ruwa awa 24, a goge a sake aunawa. In ya ƙara nauyi sosai, yashi ya yi yawa. Na uku a sake shi daga tsayin ƙirji a kan kankare. Sannan ka ɗauki guda goma ka kai sashen injiniyan gine-gine na Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello, ko cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta NBRRI, a matse su a inji a ba ka takarda. Ɗan kwangila da injiniyan ma'aikata ba za su saurare ka ba sai da ita.

Injiniya_Sharada:

Ƙari kaɗan a kan gwajin Malam Birkila. Injin ɗakin gwaji a sanyi yake matsa bulo, shi kuwa wannan kaya da rana yake nuna halinsa. Ka jera guda shida a fili a watan Maris ko Afrilu, ka ɗora tayar mota a kansu da mota a tsaye, ka bar ta sati biyu ba motsi. Ka ɗaga, ka ɗora ƙarfe miƙaƙƙe a kai ka leƙa ƙarƙashinsa. In haske na wucewa ta inda tayar ta zauna, ledar ta yi yawa ko mai laushi ce zalla. Ka ƙara yashi zuwa uku da rabi, ko ka maye kashi ɗaya cikin huɗu na ledar da niƙaƙƙiyar jarka, ka sake gwadawa. Kowane zubi a rubuta masa lamba a gindi da ƙusa tun yana da ɗumi, a shigar da awonsa da zafinsa a littafi ɗaya da na Akanta.

Mai_Bulo_Dakata:

Madalla, Allah ya saka wa kowa da alheri. Za mu fara da ganga ɗaya da jak a bayan fili, nesa da gidaje, mu gwada a wurin alwalar masallacin unguwa idan liman ya amince. Injiniya, in na yanka na farko zan ɗora hoton cikinsa a nan ka duba mini ramukan.